Makuron Excel ya daina tashi da kansa: daga ina za ka fara dubawa

A makon fitar da sakamakon zango na biyu, malamin jarrabawa na wata makaranta mai zaman kanta a nan Katsina ya shigo shagona da kwamfuta a hammata, ko sallamar kirki bai yi ba. Fayil ɗin Excel da suke haɗa sakamako da shi shekara uku ke nan yana aiki: da an buɗe shi sai ya tara makin kowane ɗalibi, ya jera na ɗaya zuwa na ƙarshe, ya buga kwanan wata a saman takardar. Ranar ya buɗe, shiru. Ya rufe ya sake buɗewa, shiru.

"Malam, ka taimaka. Ko dai bairos ya shiga, ko kuma wanda ya haɗa mana abin ya sa mashi wa'adi. Gobe iyaye za su zo."

Na ce ya zauna ya sha ruwa. Na tambaye shi abu ɗaya: yaya aka yi fayil ɗin ya zo wannan kwamfutar? Ya ce hedimasta ne ya turo masa ta WhatsApp, shi kuma ya sauke ta burauza. Minti biyu bai cika ba aka gama, kuma ban taɓa ko layi ɗaya na kod ɗin ba, wato rubutun umarnin da ke cikin fayil ɗin.

Yawancin matsalar haka take. Makuro, wato jerin umarnin da aka ajiye a cikin fayil don ya riƙa yin wani aiki da kansa, ba kasafai yake lalacewa haka kawai ba. Hanya ake tare masa. Shi ya sa nake farawa daga waje, ina matsowa ciki, sai a ƙarshe nake buɗe kod. Kafin komai, kwafi fayil ɗin ka ajiye a wani wuri, ka yi gwajinka a kan kwafin.

Mataki na 1: makuron yana nan kuwa?

Dubi ƙarshen sunan fayil. Tun daga Office 2007 aka raba su: fayil mai ƙarewa da .xlsx ba ya iya ɗaukar makuro ko kaɗan. Masu ɗauka su ne .xlsm da .xlsb da tsohon .xls. Windows yakan ɓoye wannan ƙarshen suna, don haka buɗe folda, shiga View, ka kunna File name extensions. A Windows 11 yana ƙarƙashin View sannan Show.

Idan ka ga .xlsx, to wani ya yi Save As ya canja nau'in fayil ɗin. Excel yakan yi gargaɗi a lokacin, yana cewa akwai abin da ba zai iya ajiyewa ba, amma wa ke karanta gargaɗi ana sauri? A danna Yes a wuce. Da an rufe fayil ɗin, makuron ya tafi daga wannan kwafin, babu dawowa. Canja ƙarshen sunan da hannu zuwa .xlsm ba zai dawo da komai ba, ƙarshenta ma fayil ɗin ya ƙi buɗuwa. Nemi tsohon kwafi a filashi, ko a imel, ko a kwamfutar wanda ya haɗa shi.

Akwai wata hanyar da makuro ke ɓata wadda masu makarantu da masu shaguna suka fi faɗawa. Sabon zango ya zo, ko sabuwar shekarar ciniki, sai a buɗe sabon fayil, a kwafo gurabun tsohon a zuba. Lambobi da launuka za su biyo, kod ba zai biyo ba. Ko da shafin gaba ɗaya ka kwafa ta Move or Copy, kod ɗin da ke jikin wannan shafin kaɗai zai biyo, wanda ke Module1 da ThisWorkbook, wato sauran ɗakunan ajiye kod na fayil ɗin, yana can a tsohon gida. Don ka tabbatar, danna Alt da F11 tare, ka dubi jerin da ke hagu. Kada ka dogara da Alt da F8, domin makuron da ke tashi da buɗe fayil ko da canja gurbi yawanci ba ya fitowa a jerin da suke nunawa ko da yana nan lafiya lau.

Mataki na 2: da me kake buɗe shi?

Makuron Excel da harshen VBA ake rubuta shi, kuma Excel na kwamfuta ne ke gudanar da shi. Excel na waya ba ya yi, na cikin burauza ba ya yi, Google Sheets ma ba ya yi. Za su nuna maka teburin, amma makuron ba zai motsa ba. Haka nan kwamfutoci da yawa da ake saye na hannu suna zuwa da WPS Office, wanda na kyautarsa yawanci ba ya zuwa da VBA, kuma yakan ƙwace buɗe fayilolin Excel ba tare da mutum ya lura ba, don fuskarsu ta yi kama. Danna dama a kan fayil ɗin, zaɓi Open with, ka zaɓi Excel da kanka.

Mataki na 3: ƙofofin tsaro

Nan ne malamin jarrabawa ya maƙale, kuma nan ne mafi yawan mutane ke maƙalewa. Ƙofofin uku ne, kowace da makullinta.

Ta farko ita ce Protected View: rawayar sanda a saman allo mai maballin Enable Editing. Muddin ba ka danna shi ba, fayil ɗin na kallo ne kawai. Ta biyu ma rawaya ce, tana cewa an kashe makuro, da maballin Enable Content. Ka danna, makuron buɗewa ya tashi nan take, kuma Excel zai riƙe cewa ka amince da wannan fayil. Amma amincewar tana ɗaure da suna da wurin da fayil ɗin yake. Ka canja masa suna ko ka matsar da shi wata folda, sai ya sake tambaya.

Ta uku ce sabuwa, ita ce kuma ke ruɗa mutane. Daga 2022 Microsoft ya fara toshe makuro gaba ɗaya a duk fayil ɗin da ya fito daga intanet, saboda 'yan damfara sun daɗe suna amfani da wannan hanya wajen shigar da muggan manhajoji. Sandar ja-ja ce, tana ɗauke da Security Risk, kuma ba ta da maballin kunnawa, sai Learn More kawai. Abin da ke faruwa shi ne, duk lokacin da ka sauke fayil ta burauza ko daga imel, Windows yana liƙa masa wata ɓoyayyiyar alama da ke cewa baƙo ne. Excel ya ga alamar sai ya rufe ƙofa. Ga yadda ake cire ta: rufe fayil ɗin tukuna, je foldar da yake, danna dama a kansa, zaɓi Properties, a shafin General can ƙasa za ka ga ɗan akwati mai suna Unblock. Sa masa alama, danna Apply, danna OK, sake buɗewa. Abin da na yi wa malamin ke nan.

Idan a cikin zip aka turo, cire alamar daga zip ɗin kafin ka warware shi, kuma kada ka buɗe fayil kai tsaye daga cikin zip. Wannan alama ce ma ke sa ka ji mutum yana rantsuwa cewa fayil ɗin yana aiki idan an kawo shi a filashi amma ba ya aiki idan an turo. Gaskiya yake faɗa. Filashin da aka tsara da tsarin ajiya na FAT32 ba ya iya riƙe alamar, sai ta faɗi a hanya.

Idan babu sanda ko wace iri, kuma makuro bai tashi ba, duba saitin. Shiga File, Options, Trust Center, Trust Center Settings, Macro Settings. Zaɓi huɗu ne. Na farko yana kashe makuro ba tare da ya sanar da kai ba, kuma idan shi aka zaɓa, za ka yini kana nema ba ka ga ko alama ba. Mayar da shi na biyu, mai kashewa tare da sanarwa, ka rufe Excel ka sake buɗewa. Na ƙarshe, mai kunna kowane makuro, shi masu gyara da yawa ke zaɓa wa mutane don a rabu da su. Ni ba na yi. Kwamfutar da ke riƙe lissafin bashin kwastomomi ko makin yara, a bar ta a buɗe ga duk fayil ɗin da wani ya turo a guruf? Kuma ma wannan zaɓin ba ya buɗe jar sandar, sai ka yi asarar tsaro a banza.

Ga wanda ke karɓar fayil ɗaya kullum, misali dillalin taki a Katsina da yaronsa ke turo masa lissafin reshen Daura duk yamma, cire alama kowace rana gajiya ce. Buɗe folda ɗaya ta musamman, ka shiga Trust Center, Trusted Locations, Add new location, ka nuna ta. Duk abin da ka ajiye a ciki zai buɗe da makuronsa ba tambaya. Kada dai ka zaɓi Downloads ko Desktop gaba ɗaya, don nan ne kowace shara ke sauka. Idan kuma kwamfutar ofis ce, ka ga saitin ya dushe ba ya dannuwa, masu kula da kwamfutocin wurin ne suka kulle, su za ka nema.

Mataki na 4: an ajiye kod ɗin a ɗakin da ya dace?

Yanzu za mu shiga ciki. Danna Alt da F11 don buɗe tagar VBA. A hagu za ka ga sunayen shafuka, da ThisWorkbook, da folda mai Module1. Kowane irin makuro mai tashi da kansa yana da ɗakinsa, kuma idan ka sa shi a wani ɗakin Excel ba zai yi ƙorafi ba, zai dai yi kamar bai gan shi ba.

Workbook_Open, mai tashi da buɗe fayil, a cikin ThisWorkbook yake zama. Auto_Open, wanda shi ne tsohon salo, a Module yake zama. Worksheet_Change, mai tashi da canja gurbi, a jikin shafin da kake so ya lura da shi yake zama. Mutane sukan kwafo kod daga intanet su zuba duka a Module1, sannan su yi ta mamaki. Sunan ma sai ya zama daidai harafi da harafi, har da layin ƙasa da ke tsakiya. Hanya mafi aminci ita ce kada ka rubuta sunan da hannu: danna ThisWorkbook sau biyu, a akwatin zaɓi na sama ta hagu ka zaɓi Workbook, Excel zai rubuta maka kan da ƙarshen da kansa, kai kuma ka zuba umarninka a tsakiya.

Sai gwajin da ke raba gardama. A layin farko na makuron rubuta wannan:

`MsgBox "Na tashi"`

Ajiye, rufe, buɗe. Idan saƙon bai fito ba, makuron ba ya tashi, matsalar tana matakan baya ko a mataki na 5. Idan ya fito, makuron yana tashi, a hanya yake faɗuwa, sai ka tsallaka mataki na 6. Wannan layi ɗaya ya fi awa guda na zato.

Abu biyu kuma. Riƙe Shift lokacin da fayil ke buɗuwa yana hana makuron buɗewa tashi. Da gangan aka yi shi, yana da amfani idan makuro na rikita fayil, amma madannin Shift da ƙurar hunturu ta maƙale shi ma haka zai yi. Sannan Auto_Open ba ya tashi idan wani makuro ne ya buɗe fayil ɗin, sai an kira shi da RunAutoMacros. Workbook_Open ba shi da wannan halin, shi ya sa na fi son sa.

Mataki na 5: an kashe kunnen Excel

Wannan ita ce matsalar da ta fi wahalar da masu ɗan sani. Da safe komai na aiki. Wajen azahar wani saƙon kuskure ya fito, aka danna End, daga nan duk makuron da ke jiran a canja gurbi ya mutu, har a sauran fayilolin da ke buɗe.

Dalilin shi ne wani saiti mai suna EnableEvents, wanda za ka iya ɗauka a matsayin kunnen da Excel ke jin motsi da shi. Mai rubuta Worksheet_Change dole ya toshe kunnen kafin makuron ya rubuta wani abu a shafi, in ba haka ba rubutun zai sake tayar da makuron, shi ma ya sake rubutu, a yi ta zagaye har Excel ya sandare. Sai ya toshe a farko, ya buɗe a ƙarshe. To idan makuron ya faɗi a tsakiya, bai kai layin buɗewa ba, kunnen ya zauna a toshe.

A cikin tagar VBA danna Ctrl da G. Wani fili zai buɗe a ƙasa. Rubuta `?Application.EnableEvents` ka danna Enter. Idan ya amsa False, ka kama ɓarawon. Rubuta `Application.EnableEvents = True` ka danna Enter. Rufe Excel gaba ɗaya ma yana gyara shi, amma gaba ɗaya nake nufi, ba fayil ɗaya ba. Wannan maganin yau ne kawai. Don kada ya dawo gobe, a gyara makuron yadda ko ya faɗi zai bi ta layin buɗewa:

```
Private Sub Worksheet_Change(ByVal Target As Range)
    If Intersect(Target, Range("C2:C500")) Is Nothing Then Exit Sub
    On Error GoTo Fita
    Application.EnableEvents = False
    Target.Offset(0, 1).Value = Date
Fita:
    Application.EnableEvents = True
End Sub
```

Wannan yana buga kwanan wata a gefen duk kuɗin da aka shigar a layin C, kuma ko me ya faru sai ya bi ta Fita. Lura da C2:C500 ɗin nan. Na taɓa ganin littafin bashi da makuronsa ya "mutu" rana ɗaya, ashe kwastomomi ne suka wuce layi na 500.

Yayin da kake nan, dubi abu biyu. A shafin Developer, idan maballin Design Mode a danne yake, sake shi. A tagar VBA kuma, idan ka ga layi mai rawaya da kalmar break a can sama, makuron tsaye yake yana jiranka, babu wani da zai tashi sai ka danna Reset, ɗan murabba'in nan da ke sama.

Akwai kuma wanda ba lalacewa ba ne, rashin fahimta ne. Worksheet_Change yana jin abin da aka shigar a gurbi ne, ba ya jin sakamakon fomula. Idan jimilla ta canja saboda an taɓa wani shafi, shi bai ji komai ba. Ko dai ka sa shi ya lura da gurbin da ake rubutawa da hannu, ko ka koma Worksheet_Calculate.

Mataki na 6: yana tashi, yana faɗuwa

A tagar VBA, fara da Debug, sannan Compile VBAProject. Idan akwai layin da Excel bai gane ba, zai kai ka kansa. Biyu ne suka fi fitowa idan an canja kwamfuta. Na ɗaya, shiga Tools, References, ka ga wani layi ya fara da MISSING: fayil ɗin na neman wani abu da ke tsohuwar kwamfutar. Cire alamar da ke gefensa ka sake gwadawa. Na biyu, layukan da suka fara da Declare sun yi ja: an rubuta su don Office mai 32-bit, kai kuma naka 64-bit ne. Sai an ƙara kalmar PtrSafe bayan Declare, wani lokaci kuma a mayar da wasu Long zuwa LongPtr, wanda gara ka bar wa wanda ya saba.

Idan wannan ya wuce lafiya, nemi layin On Error Resume Next. Ma'anarsa, in ka yi tuntuɓe ka yi shiru ka wuce. Masu haɗa fayil suna son sa don kada kwastoma ya ga kuskure ya kira su, amma shi ke sa makuro ya gudu daga farko har ƙarshe bai yi komai ba, bai kuma ce komai ba. Sa alamar ' a farkon layin don ka kashe shi na ɗan lokaci. Sannan ɗora linzami a cikin makuron buɗewar, ka riƙa danna F8, layi ɗaya bayan ɗaya, har ka ga inda ya tsaya da lambar da ya bayar.

Lamba 9 kusan kullum sunan shafi ne. Kod na neman "JSS1", wani ya gyara shi ya koma "JSS 1A", ko ya bar tazara a ƙarshen sunan da ido ba ya gani. Lamba 1004 takan fito idan an kulle shafi da kalmar sirri makuro kuma na son rubutu a ciki, ko yana neman wani fayil a hanyar da babu ita, irin C:\Users da sunan mai tsohuwar kwamfutar.

Kada ka manta da agogo. Kwamfutocin hannu da yawa ƙaramin batirin da ke riƙe musu lokaci ya mutu, da an ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Makuron da aka ce ya tashi ranar Juma'a, ko ya nuna bashin da ya wuce kwana 30, zai duba agogon ya ga lokaci bai yi ba. Haka idan saitin yankin kwamfutar na Amurka ne, 3/4 a wurinta 4 ga Maris ne, ba 3 ga Afrilu ba. Makuron da aka ɗaura wa lokaci da OnTime kuma sai Excel na buɗe yake tashi, ba ya farkar da kwamfutar da ke kashe.

Ɗauke wutar na da wani ɓarin. Idan Excel ya mutu ba shiri, wani lokaci yakan zargi PERSONAL.XLSB, fayil ɗin da ke riƙe makuron da kake amfani da su a ko'ina, ya dakatar da shi. Shiga File, Options, Add-ins, a akwatin Manage na ƙasa zaɓi Disabled Items, danna Go. In ka gan shi a ciki, zaɓe shi ka danna Enable, ka sake kunna Excel.

Idan Google Sheets ko LibreOffice kake amfani da shi

A Google Sheets harshen daban ne, Apps Script, kuma manyan masu tashi da kansu su ne onOpen da onEdit, da ƙananan haruffa da manya daidai yadda na rubuta. Daƙiƙa 30 kawai ake ba su, ba sa tashi ga wanda aka ba izinin kallo kaɗai, kuma ba sa iya aikin da ke buƙatar izini, kamar tura imel. Irin wannan sai ka shiga Extensions, Apps Script, Triggers, ka ɗaura shi da hannu ka ba shi izini. Shafin Executions da ke wurin yana nuna kowane tashi da dalilin faɗuwarsa. A LibreOffice Calc, matakin tsaro yana Tools, Options, Security, Macro Security, ɗaura makuro ga buɗe fayil kuma yana Tools, Customize, Events.

In ka bi duk wannan bai tashi ba, sai a nemi wanda ya haɗa fayil ɗin ko wani masani. Kafin ka tura, yi kwafi ka goge sunayen ɗalibai ko na masu bashi da lambobin wayarsu, ka bar layi biyar na ƙarya don gwaji. Haɗa da hoton saƙon kuskuren da lambarsa, da hoton layin da ya yi rawaya, da nau'in Excel ɗinka, wanda za ka gani a File, Account, About Excel. Ka kuma gaya masa ko saƙon "Na tashi" ya fito ko bai fito ba, sannan ka tuna masa ya sa alama a Unblock idan ya sauke, don shi ma ta intanet zai isa gare shi.